Harshe da Tarbiyya: Kalmomin Sassautawa

A wannan fitowa za mu duba kalmomin Turanci na sassautawa, domin yaranmu a Garoua suna koyonsu a makaranta, 'yan kasuwarmu kuma suna jin su a Mubi da Yola.

"Take it easy" na nufin a bi a sannu, tamkar "doucement" a Faransanci. "Slow down" mai gaggawa ake faɗa wa, kamar mai babur. "Tone it down" na nufin a rage zafin magana. "Calm down" kuwa umarni ne tsagwaronsa: kwantar da hankalinka.

A nan ake tuntuɓe. Yaro kan ce wa baffansa "calm down", yana zaton lallashi ya yi, alhali tunzura shi ya ƙara yi. A tarbiyyarmu ƙarami ba ya umartar babba. "A yi haƙuri, Baffa" yake cewa, murya ƙasa-ƙasa.

Iyaye, mu koya wa yara ma'anar kalma tare da wanda ya dace a faɗa wa. A Suratu Ɗaha, ko wurin Fir'auna an umarci Annabi Musa da Annabi Haruna su tausasa harshe. Allah ya sa mu dace, amin.