Tarihin Katagum na Kaduna, ɗaliban suna Itas

A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da darasin Tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare, bayan sama da shekara goma da cire shi. Ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ɗan Azare ne. Sai dai malamin da ke gaban allo a Itas har yau ya fi samun abin karantarwa kan Lugga da haɗewar 1914 fiye da kan ƙasar da ɗalibansa ke nomawa.

Ba rashin tarihin ba ne. Malam Zaki ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, Clapperton ya sauka a garin a 1824, Turawa kuma suka mayar da fadar Azare a 1916. Matsalar ita ce inda takardun suke. Katagum ta zauna a ƙarƙashin lardin Kano har 1926 kafin a haɗa ta da Bauchi, don haka rahotannin haraji da na kan iyaka sun rabu tsakanin fayilolin larduna biyu a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna. Malamin firamare ba shi da kuɗin motar wannan tafiya.

Ƙasashen Karibiyan sun sha irin wannan wahala, domin takardunsu na warwatse a Landan da Paris da Madrid. A 2004 ɗakunan karatu na yankin da jami'o'in Florida suka kafa rumbun haɗin gwiwa na intanet, dLOC, inda kowace cibiya ke ɗaukar hoton abin da take da shi ta sanya, mallakar kuma ta ci gaba da zama tata. Wannan sharaɗi shi ya sa masu takardu suka saki jiki.

Darasin ya shafi Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Itas. Ɗalibanta na iya naɗar bakin dattawa, kamar yadda Victor Low ya yi kafin littafinsa na 1972 kan Gombe da Katagum da Haɗejiya, a jera shi kusa da rahoton Joji, yara su ga inda suka saɓa. Amma fayil na Turanci da babu fassararsa da Hausa, ko shafin da ba ya buɗuwa a ƙaramar waya, bai bar Kaduna ba tukuna. Gidajen malamai da na hakimai kuwa ba za su fito da kundayensu na ajami ba sai an rubuta musu a takarda wa ke da ikon hoton.