Labarin Mahaƙa da Asalin Sunan Gari

Manazarcin da ke neman asalin sunan gari yakan fara da tambayar dattawa, kuma daidai ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ya ɗauki labarin da ya fi daɗin ji ya rubuta shi a matsayin tarihi. Garuruwan da suka tsiro a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, bayan an tsinci zinariya a can cikin shekarar 1848, sun isa misali.

Wasu sunayen ba su da gardama. Wani sansanin mahaƙa an riƙa kiransa Hangtown, wato garin rataya, saboda mutanen da taron jama'a ya rataye a wurin a 1849. Da gari ya zauna da gindinsa, sai aka yi masa rajista da sunan Placerville a 1854.

To amma a dubi Yreka, inda aka sami zinariya a 1851. Labarin da ya bazu, wanda marubucin nan Mark Twain ya ƙara yayatawa, shi ne wai wani mai gashin burodi ya rubuta bakery a kan ƙyalle ya shanya. Wani baƙo ya hango rubutun ta baya, harafin farko bai fito ba, sai ya karanta yreka, ya zaci sunan garin ke nan. Labarin da ban dariya, shi ya sa ya daɗe. Amma masana harsuna sun nuna kalmar ta mutanen Shasta ce, 'yan asalin wurin, kuma da ita suke kiran wani babban dutse na ƙasarsu. Mahaƙa ba su jin harshen, sai suka ƙaga wa kalmar uwa da uba a cikin nasu. An raba mutanen Shasta da ƙasarsu, sa'an nan barkwanci ya raba su da kalmarsu.

Ɗalibin Hausa ba baƙon wannan al'amari ba ne, sai dai a ƙasar Jos kuza aka haƙa, kuma Hausa ce harshen sansani. Can aka sami sunaye irin su Barikin Ladi da Dogo Na Hauwa. Lalle a tattara labaransu, domin suna nuna rayuwar lebura a bariki. Amma wanda ya binciki wace ce Ladi, bai tambayi Birom dalilin da suke ce wa wurin Gwol ba, rabin aikin ya kawo wa sashe.