Shawarar Wata: Baƙo da Nutso a Bahar Maliya

A wannan wata za mu yi magana a kan wani abin da samarinmu da 'yan matanmu suka fara sha'awa, watau nutso cikin teku da tulun iska a goye. Akwai gidajen da suke da ɗa ko ƙane a ƙasar Masar, wani karatu ya kai shi, wani aiki. In mutum ya je gaishe su, ya kan ji labarin Bahar Maliya, mai ruwa garau, cike da murjani da kifaye masu launi iri iri. Sai ransa ya biya. To, ina zai nufa, wa kuma zai tambaya?

Da fari dai, ka sani mai masaukinka ya san tashar mota da kuɗin mota, ya iya ciniki da Larabci. Amma in shi ba mai nutso ba ne, bai san ƙarƙashin teku ba. Bari ya kai ka bakin ruwa, sauran kuwa ka tambayi masu sana'ar.

Daga Alkahira, tafiyar kamar sa'a shida a mota za ta kai ka Hurgada, inda akwai wurare marasa zurfi da suka dace da mai koyo. A ƙarshen tsibirin Sina'i kuma akwai Sharm al-Shaik, kusa da Ras Muhammad, wurin da gwamnatin Masar ta keɓe a 1983 domin kiyaye murjani. A wannan yanki ne jirgin ruwan Ingila mai suna Thistlegorm yake kwance, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a 1941. Har yau ana ganin babura da manyan motoci a cikinsa. Amma zurfinsa ya kai mita 30, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, ba wurin ɗan koyo ba ne. Haka kuma ramin nan na Dahab mai shuɗin ruwa, wanda zurfinsa ya kai wajen mita 100, ya ci rayukan gwanaye da dama.

Masu dangi cikin Hausawan Fot Sudan su ma suna bakin wannan teku. Can ne Sanganeb take, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016, da Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Jak Kusto ya gina gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Sai dai yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023, saboda haka kada kowa ya ɗaura niyya sai ya tabbatar da lafiyar hanya.

Kun ga ke nan, wurin da ya yi suna dabam, wurin da ya dace da kai dabam. Wuri mai kyau shi ne wanda zurfinsa bai wuce koyonka ba. Wanda bai taɓa yi ba, malami ya kan riƙe shi kusa, ba ya wuce mita 12. Wanda ya yi kwas na kwana uku ko huɗu ya sami takardar shaida ta fari, kamar ta PADI ko SSI, iyakarsa mita 18.

In ka shiga shagon masu nutso, kada ka ji kunyar tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. A nuna maka lasin shagon da takardar malamin. Mutum nawa malami ɗaya zai lura da su? Akwai iskar oksijin ta taimakon gaggawa cikin jirgin? Ina asibiti mafi kusa mai ɗakin matsin iska? In ba su tambayi lafiyarka ba, kuɗinka kaɗai suke tambaya, ka yi musu sallama ka fita.

Zancen lafiya ba na wasa ba ne. Kowace mita 10 da ka sauka, nauyin da yake danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama ɗungum. Mai riƙe numfashi yana hawowa, iskar huhunsa ta kan kumbura ta yi masa rauni. Mai hawowa da garaje kuma, iskar naitirojin ta kan yi kumfa cikin jininsa, kamar an buɗe kwalbar lemo, har ta shanye masa jiki. Mai amosanin jini, watau sikila, da mace mai ciki, da mai farfaɗiya, kada su yi. Mai fuka ko ciwon zuciya, sai da izinin likita. Mai mura ya bari ta wuce.

Na ƙarshe, ka tsara kwanakinka. Bayan nutso ɗaya ana jira aƙalla sa'a 12 kafin a hau jirgin sama, bayan nutso da yawa kuwa sa'a 18. Hawan Dutsen Sina'i ma, mai tsawon fiye da mita 2,200, yana bukatar irin wannan jira. Saboda haka ka sa nutso a tsakiyar hutunka, kwanakin ƙarshe kuwa ka ba mutanen gida. Ai dominsu ka zo, zumunta kuwa a ƙafa take. Ka faɗa wa mai gida sunan shagon da lokacin komowarka, kada a kwana ana zulumi.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. Sai wata mai zuwa.