Wai Yaron Ido Da Yaron Kunne

Akwai wata magana da ta bazu cikin makarantu, har malamai da yawa sun karɓe ta hannu biyu biyu, wai kowane yaro da ƙofar da ilmi yake shigarsa: wannan ta ido, wancan ta kunne, wani kuwa sai ya taɓa da hannu. Wani malami mutumin Niyu Zilan, Neil Fleming, ya tsara irin wannan rabo a 1987. Masu sayar da kwamfuta da suka ji haka sai suka ce madalla, a sayi hajarsu, ita za ta bi kowane yaro ta ƙofarsa.

To, jama'a, wa ya auna? A 2008 waɗansu masana huɗu a Amurka, Harold Pashler na gabansu, suka bi gwaje-gwajen da aka yi, ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa yaro ya fi ganewa in an koyar da shi ta hanyar da ya fi so. Lalle yaro yana iya son hoto, amma so dabam, amfani dabam. Abin da ake koyarwa shi ke zaɓen hanya. Taswira sai ido, tajwidi sai kunne, ɗinki kuwa ko shekara ka yi kana saurare, in ba ka riƙe allura ba, ba ka iya ba. Malamin allo bai taɓa raba almajiransa haka ba: ya biya, yaro ya ji, ya duba, ya rubuta, ya wanke, ya sake.

Kada mai karatu ya zaci ina ƙin na'ura ne. Cinikin biri a sama nake ƙi. Gwamnatin ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000 don 'yan makaranta. Da aka auna makarantu 319 na ƙauyuka, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna yara sun iya sarrafa na'urar, basirarsu ta ɗan ƙaru, amma lissafi da karatu suna nan inda suke.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba asarar kuɗin ba ne. Yaron da malaminsa ya ce masa, "Kai na kunne ne," an ba shi dalilin ajiye littafi ke nan, alhali ran jarrabawa takarda za a miƙa masa.