Ƙanwata Ta San Cinderella, Ba Ta San 'Yar Bora Ba

Jiya da daddare na dawo daga Yelwa, aikin mastas ya cika mini kai, na tarar da ƙanwata 'yar shekara 15 ta toshe kunne da waya. Na ce me ake ji haka? Ta ce labarin Cinderella ne wata Baturiya ke karantawa, har da kiɗa. Na ce to kin san tatsuniyar 'Yar Bora da 'Yar Mowa? Ta ce, “Yaya, su waye kuma?”

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ai kusan labari ɗaya ne: yarinyar da aka wulaƙanta a gidan ubanta, ta yi haƙuri, Allah Ya ɗaukaka ta.

Ni ban ga laifinta ba, aro ma ba laifi ba ne. Abubakar Imam da kansa, a Magana Jari Ce da ta fara fitowa a 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu riga da hula, ya sa su a bakin aku. Wa ya taɓa ce musu baƙi?

Laifinmu ne. Tatsuniya dama ta kunne ce. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyinmu tun 1911, amma takarda ba ta iya tsamin bakin Gizo. Yanzu ga waya a hannun kowa, mu kuma mun yi shiru.

Wani zai ce matasa sun wuce tatsuniya. Haba! Su waye ke kwana sauraron littattafan soyayya a YouTube? Kishi, maraici, son kai a cikin gida, duk suna cikin tatsuniya. A dai karanta musu ita a matsayin masu hankali, ban da muryar lallashin jarirai.

'Yan uwa na Yelwa da Gubi, hutun nan idan kun je gida, ku nemi izinin tsohuwa ku naɗi muryarta ko na minti goma ne. Tamu kakar ta rasu bara. Hotunanta sun cika wayata, amma “ga ta nan, ga ta nanku” ɗinta ko ɗaya ban da shi.