Sara Ba Ɓarnar Harshe Ba Ce

Sau da yawa mukan ji wasu dattawa suna kokawa, wai samari sun lalata Hausa da sara da zaurance. Muna girmama furfurarsu, amma ba mu yarda ba.

A dubi sha'anin kuɗi kawai. Da aka fito da takardar naira 20 a 1977, ɗauke da hoton marigayi Janar Murtala Muhammad, babu wani kwamitin masana da ya zauna don raɗa mata suna. Bakin jama'a ne ya ce da ita "Murtala", kowa ya ɗauka. Haka kakanninmu suka tanƙwara harshen Bature, suka fitar da sule da sisi da kwabo. Sisi ya bar aljihu bayan zuwan naira a 1973, amma har gobe wanda talauci ya kama yana rantsuwa ba shi da ko sisi.

Zaurance kuwa, inda 'yan mata kan juya gaɓoɓi, "Musa" ya koma "samu", don kada manya su gane zancensu, ai ba mai iya shi sai wanda kunnensa ya san inda gaɓar kalma ta fara da inda ta tsaya.

Abin da ke damunmu shi ne, irin waɗannan kalmomi suna mutuwa ba a rubuta su ba. Bargery ya yi shekaru yana tattara kalmomi kafin ƙamusunsa ya fito a 1934. Muna kira ga Sashen Hausa ya tura ɗalibai tashar mota da ɗakunan kwananmu, kowa da littafinsa da alƙalami.