Ƙwayar Awo Da Kuɗin Cefane

Shekaranjiya da daddare, a majalisarmu ta teburin mai shayi a nan Mararaba, aka yi ta musu a kan ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu a wajen awo. Wani ya ce su ke sa jariri ya yi ƙato har sai an yi wa mace aiki. Wani ya ce shi bai yarda da kayan kyauta ba. Wani dattijo kuma ya ce iyayenmu a gida ba su sha ba, ga mu garau. Duk wannan musu fa, kowa da faranti na ƙwai biyu a gabansa.

Ni ba likita ba ne, iyakata sakandare, ina taya Baba a shagon hatsi. Amma bara matar Yayana ta yanke jiki ta faɗi da cikin wata bakwai, sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa muka tarar da su. Ta ce tashin zuciya suke sa ta, ga kuma tsoron aiki.

Ba ita kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Najeriya na da ƙarancin jini. Ƙwayar nan sinadarin ayon ne da folik asid, aikinta gina jini. Macen da jininta ya yi ƙasa kuwa, zubar jini wajen haihuwa ya fi saurin kai ta kushewa.

Baba dattijo, a gafarce ni. A gida akwai zogale a bayan ɗaki, ga nono, ga suruka mai sa ido. A nan ɗaki ɗaya ne na haya, ko ganyen miya sai an saya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin motar shiga Abuja ke cinye na cefane.

Inda nake ganin gyara shi ne, a wajen awo mata kawai ake yi wa bayani, alhali aljihun na maigida ne. Shi kuwa ya fita tun asuba don gudun cunkoson Nyanya, sai bayan isha'i. To a biyo mu inda muke: masallacin Juma'a, kasuwa da majalisa.

Kafin nan, malam, ƙwai ɗaya cikin biyun nan ka kai gida. Ka riƙa sayen wake, alayyahu da 'yar hanta. Lemo ga shi a kasuwar Orange, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ayon, shayi a kan abinci kuwa yana rage shi. In ƙwayar na damunta, ku koma wajen nas tare, kada a ɓoye ta.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, amin.